Mu Mutanen Dala Biyar-Biyar

Mu dai a nan Ƙonni ba mu san sayen abu da yawa ba. Sukari na dala biyar, man gyaɗa na dala goma a ƙulle a kusurwar leda, magi ƙwaya biyu, daddawa ƙwaya ɗaya, garin sabulu na dala biyar, barkono kuwa sai a roƙi mai tebur ya yafa gyara. Baƙon da ya sauka daga Yamai, in ya tsaya gaban mai teburin unguwarmu da hantsi, sai ya ɗauka yara ne aka aiko wasa. Alhali cefanen gida ne sukutum, gidan mutum tara, kuma a ciki za a fitar da kwanon tsohuwar da ke bayan katanga. Ga mai son bin lissafin, dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Wanda ya fita da safe ya dawo da jika biyu a aljihu, ranar nan yana da ikon yin gyaran murya da ƙarfi a ƙofar gida kafin ya shiga.

Tun farkon 2024 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a wata, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana tsaye kan jika 30 da ƴan canji. Ranar da rediyo ta faɗi labarin, mai facin layinmu ya ɗaga kai daga tayar da yake liƙewa ya ce, "To, Allah shi sanya ma masu albashi albarka," ya ci gaba da aikinsa. Gaskiyarsa. In ka ƙirga masu ɗaukar albashi a layin nan, malamin lakwal ne, da mai gadi ɗaya, da wata ma'aikaciyar likita. Sauranmu ƴan kabu-kabu ne, da ƴan ga-ruwa, da masu amalanken jaki, da ƴan dako a tasha, da ƴan canji masu jakar leda, da ƴan lambu. Albashinmu kullum ake biyansa, kullum kuma yake ƙarewa kafin lisha.

Amma zo ka gan mu ranar Juma'a. Kowane magidanci yana da riga guda wadda ba a taɓa ta sai da dalili. Ranar Alhamis ake wanke ta, a sa mata shuni, a kai wa mai guga ko a ninke a sa ƙarƙashin katifa ta kwana. In an jeru a sahu, ba ka iya rarrabe wanda ya karya da shayi da burodi da wanda ya sha ruwan randa ya fito. Ka tambayi mutum ina gida, ya ce lahiya lau. Ina hidima, ya ce sai godiya. Kana iya yin shekara kuna gaisawa da mutum ba ka san rumbunsa ya ƙare tun watan azumi ba. Wasu baƙi suna kiran wannan ƙarya. Ni ban yarda ba. Mutumin da ba shi da gona mai yawa, ba shi da shago, ba shi da ɗa a gwamnati, abin da ya rage masa shi ne kada a gan shi a wulaƙance, kuma yana da haƙƙin ya tsare abinsa.

Inda muka fi gwaninta shi ne yadda mata ke gano gidan da wuta ba ta kama ba. Ba mai faɗa. Maigida ma zai fito da la'asar ya zauna kan dakali yana sakace, wai shi ya ci ya ƙoshi. Sai dai katangar laka ba ta riƙe sirrin turmi. In hantsi ya wuce ba a ji daka ba, la'asar ta yi ba a ji ƙamshin daddawa ba, to maƙwabciya ta riga ta gane. Ba za ta leƙa ta ce ko ba ku dafa ba. Wannan tonon silili ne, gabar shekara guda ce. Sai ta bari magariba ta wuce, duhu ya ɗan rufa, ta kira ɗiyarta ta aza mata kwano a ka an rufe da faifai, ta ce, "Tahi ki ce ma innarku ga shi ta ɗanɗana min, yau hannuna ya zarce da gishiri, yara sun ƙi ci." Tuwon nan kuwa ba abin da ya same shi, miyar kuka ce har da ɗan man shanu a sama. Waccan ta karɓa tana cewa, "Ke dai kullum sai kin cika gishiri," kowace ta san abin da ake ciki, ba wadda ta ji kunya. Kwanon kuma ba ya komawa wayam. Ko ɓarin goro ne a jefa a ciki, ko a riƙe shi kwana uku a mayar da shi da kwaɗon zogale. Yarinyar da ta buɗe faifai a hanya, ko ta je ta ba da labari a bakin famfo, ranar nan za ta san hannun uwarta.

Maza kuma tasu dabarar tana wajen mai kanti. Akwai littafin da kowa ya san da shi amma ba a ambatonsa. Mai neman bashi ba ya zuwa lokacin da ake cunkoso. Sai ya tsaya gefe yana duba batirin tocila, yana tambayar kuɗin abin da ba zai saya ba, har mutane su watse, sannan ya rage murya ya ce, "Tiya guda, ka rubuta." Shi ma mai kantin yana da nasa ladabin. Ba ya kiran bashi a gaban jama'a. In abin ya daɗe, sai dai ya ɗaga murya daga nesa ya ce, "Malam, kwana biyu!" Wannan gaisuwar ita ce takardar sammaci, kuma wanda aka yi wa ita ya ji. Saboda haka in ka ga mutum yana zagayawa ta bayan masallaci alhali hanyar gidansa a miƙe take, kada ka tambaye shi dalili. Kai ma akwai layin da ba ka bi.

Mu kuma aljihunmu biyu ne, na sefa da na naira, kamar yadda Illelarmu ma biyu ce. Akwai Illela ta arewa, ta cikin Adar, a hanyar Tawa, akwai kuma Illela ta Najeriya da ke nan ƙetaren iyaka, wadda ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo shayi bai huce ba. Laraba kasuwar Ƙonni, Lahadi kasuwar Illela. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta gaya maka nawa jika take a naira yau da safe, da nawa take jiya da yamma, ta kuma gaya maka a wane gefe sabulu ya fi araha. Dole ta iya, don ta ga abubuwa. Ta ga Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Ta ga 2023, lokacin da naira ta yi ta gangarawa har mutanen Sakkwato suka fara kallonmu da girma. A ƙarshen Mayun shekarar ne aka cire tallafin fetur a Najeriya, yaran da ke jera kwalaben fetur a bakin titi suka rasa abin yi na wani lokaci.

Iyakar ma an sha rufe mana ita. An rufe a 1984, ta haɗu da fari, har yunwar shekarar ta sami suna El-Buhari, sunan da tsofaffi ke ambato har gobe. An rufe a Agustan 2019 sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta haɗa da yanke lantarki, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kamyo-kamyo suka yi layi har ido ya gaji, shinkafa ta hau, magani ya yi wuya. Mu dai abin da muka sani, wanda ke da gwaggo a Gwadabawa ba takarda za ta hana shi zuwa gaisuwar mutuwa ba, kuma hanyoyin cikin gonaki sun girmi shingen duwan. Kada a tambaye ni ƙarin bayani.

Asusun gida na gaskiya kuwa yana hannun mata, ko maza sun yarda ko ba su yarda ba. Wannan tana dama fura, waccan tana soya ƙuli-ƙuli, ta can tana waina da safe, wata tana tsinkar zogale ta dafa ta aza wa yarinya talla. Ribar dala ashirin-ashirin ce, amma ba ta kwana a gida, adashe take tafiya. Tun da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, abin ya bazu har ya iso garuruwanmu: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban-daban, zubi duk mako, rance da ɗan riba, a fasa a raba in lokaci ya yi. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, kuma daga Nijar aka ɗauka. In an raba, kuɗin ba ya zama kuɗi na dogon lokaci. Akuya yake zama. Akuya ta haifi biyu, a sayar da ɗan bunsuru a sayi tunkiya. Akwai magidanta da yawa a unguwar nan da ke ratsa garke a tsakar gidansu kullum safe suna jin kansu masu dukiya, alhali ko kaza ɗaya ba tasu ba ce a ciki.

In ana maganar wadatar zuci, wasu suna ɗauka zama ne a inuwa ana jiran rabo. Duk mai wannan tunanin ya je ƙasar Illela da Badagishiri a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan dutse. Zai tarar da mutum shi da ƴaƴansa a kan faƙo, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwan sama ke gudu a kanta ba ya shiga, suna sara da diga. Rami suke yi, faɗinsa kamar tsawon tafin ƙafa, zurfinsa bai kai kamu ba, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, su zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, su matsa gaba su sake wani. Dubban ramuka a kadada guda. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse, a jefa hatsi. Tassa ke nan. Iyayenmu sun san ƴan ramukan shuka tun da, amma a ƙarshen shekarun 1980 ne wani shiri na hukumar FIDA ya kwashi wasu manoman Illela ya kai su Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda Mosawa suka faɗaɗa ramin suka ƙara masa taki. Suka dawo, kaɗan daga cikinsu suka gwada, maƙwabta na dariya. Sai 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki suka ƙone, masu tassa suka yi girbi. Daga nan ba a sake buƙatar mai wa'azi ba. Faƙon da a da ko kyauta aka ba ka sai ka ce Allah shi kyauta, ya koma abin saye da sayarwa, kuɗinsa na hawa. Samari suka sami aikin haƙa da rani ana biyansu. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso har mata suka kafa lambuna.

Mutumin da ya yi wannan aikin, in ya zauna da daddare ya sha furarsa ya ce alhamdu lillahi, godiyarsa tana da nauyi. Ba irin ta wanda ya kwana a fada yana jiran shayi na uku ba ce. Mu ma muna da irin waɗannan, kada a ce na ɓoye. Kuma Adar ɗin nan ta fitar da shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu ɗan Dandaji, ya yi shekara goma daga 2011 zuwa 2021. Ya hau ya sauka, masu diga suna nan kan digarsu, gwaggo tana nan tana kirɓa tiyarta.

Inda nake jin haushinmu shi ne albasa. Allah ya ba mu abin da duniya ke so. Albasar Galmi sunanta ya kai Abijan, ya kai Akara da Kumasi da Lome da Kwatano. Ga fadamun Majiya, ga gandun noman rani na Ƙonni da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, fiye da kadada 2,000. Mutum zai yi wata huɗu yana ban ruwa, ya ci bashin iri, bashin taki, bashin man inji. Maris da Afrilu su zo, kowa ya haƙe a lokaci guda, albasa ta cika bakin titi daga Tsarnawa har Galmi, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Dillali ya zo da buhunsa wanda sai an cika shi an ɗinka masa hula a ka, ya saya yadda ya ga dama. Kowa ya san in aka zuba ta a rudu aka yi haƙuri zuwa bayan damina, buhun nan zai ninka kuɗinsa sau da yawa, ko da wani kashi ya ruɓe. Kowa ya sani. Amma mai bashi na tsaye, ga auren ɗiya an sa rana, ga kunyar a ce wane ya kasa. Sai a sayar. Wata shida bayan haka mai lambun da kansa zai aiki yaro sayen albasa ta dala goma, a ba shi ƙwaya ɗaya ƴar mitsitsiya. A nan rufin asirinmu yake cin mu, don rabin abin da ke sa mu gaggawar sayarwa ba yunwa ba ce, idon mutane ne.

Mutanen Malbaza kuma nasu abin dariyar daban ne. Tun shekarun 1960 masana'antar siminti ke garinsu, an ma ƙara sabuwa babba. Ƙura tasu, ƙarar manyan motoci tasu, simintin kuwa su daga masa hannu ya wuce Yamai. Yawancinsu a ɗakin laka suke, ana yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Bayan ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje ba adadi, gwamnati ta rage kuɗin siminti, aka yi murna. Wani kawuna na can ya ce shi ma ya ji daɗi ƙwarai, yanzu abin da ya rage masa kawai shi ne kuɗin.

Da can zaman nan ya fi sauƙi, don kowa abin da maƙwabcinsa ke da shi yake gani, kuma duk kusan ɗaya ne. Yanzu fa? Yaro ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, ya dawo da moto sabo da salula mai faɗin faranti, ya yi wata biyu yana rabon jika-jika, ya sayar da moton ya yi kuɗin motar komawa. Ba wanda ke ba da labarin ƙarshen, na farkon kawai ake ji. Ga TikTok ya shigo har ɗakin amarya, ana ganin yadda ake jere a Kano da Dubai. Sai biki ya tashi daga abin taimakon juna ya koma gasa: anko kala uku, kujerun haya, mai kiɗa da manyan lasifika, kabad ɗin da ƙofar ɗakin ma ba ta ɗaukarsa sai an fasa bango. Uwar amarya ta sayar da tumakin da ta tara shekara biyar cikin mako guda. A da biki bashi ne mai daɗi, kin kawo min dala ɗari ran sunan ɗana, in kai miki jika ran naki. Yanzu har rubutawa ake yi ana karantawa da ƙarfi, don a ji wadda ta gaza.

Akwai kuma kunyar da ba ta da amfani ko kaɗan, ita ce ta rashin lafiya. Yaro na zazzaɓi kwana uku, ana jiƙa masa saiwa, don maigida ba ya son a gan shi yana neman rancen kuɗin mota. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitar gwamnati, ko da yake sau da yawa a rubuto maka magani ka je ka saya. Ga asibitin Galmi nan tun 1950. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san gidaje nawa suka rufe ƙofa suna jiƙa anza, suna cewa lahiya lau, har sai da yara suka kumbura. Wannan ba mutunci ba ne. Haka kuma ba na son jin kalmar haƙuri daga bakin wanda ya sauke gilashin mota mai sanyi don ya faɗe ta. In maƙwabciyata ta ce min in yi haƙuri, na san da kwano a hannunta. Shi kuwa mai motar, gilashin zai ɗaga ya wuce.

Yanzu ga Layya ta matso, majalisarmu ba ta da wata hira sai ta rago. Liman ya faɗa ya maimaita cewa ba a ɗora wa wanda ba shi da hali ba, kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya koma gida yana lissafi, don liman ba shi zai tsaya ya kalli idon yara ranar da layi ya cika da hayaƙin gashi ba. Maƙwabcina mai amalanke ya yi zagayen kasuwanni har Badagishiri, ya dawo da ƙura kawai. Sai ya tuna ai akwai rago fari ƙato ɗaure a tsakar gidansa, wanda shi da kansa yake kawo wa harawa tun kaka. Ya bari aka gama cin tuwo, ya yabi miyar fiye da kima, sannan ya ɗauko zancen a hankali, wai tun da abin duk na gida ne, ai ba sai an je waje ba. Uwargida ta bar shi ya kai aya. Ta ce ta ji, kuma ta yarda, amma farashin kasuwa za a bi, rabi yanzu, rabi in an haƙe albasa, kuma ƙanenta zai zama shaida. Ya ce haba, harawar da ya yi wata shida yana ɗaukowa fa? Ta ce, "Malam, an cire ta cikin lissahi. Rago dai nawa na, lada taka ta. Jika saba'in, kuma fata tawa ta."